'YAN SANDAN TURANCI, KU BAR YARANMU SU BUƊE BAKI

Yau da masu gyaran Turanci na Facebook da TikTok nake. Ban da malaman aji, masu shan ƙurar alli a kan albashin da ba ya kai su tsakiyar wata. Waɗanda nake nufi su ne waɗanda suka mayar da kuskuren mutane jarin tara mabiya. Rubutun zai ɗan yi tsawo. Wanda yake sauri ya ajiye sai ya natsu, amma don Allah kar ka sauka kwament kana kumfar baki alhali layi uku ka karanta.

Kowa ya san salon nasu. Jan gicciye a hagu, koren maki a dama. Kar ka ce kaza, ka ce kaza. Kar ka ce "I am very tired", wai na 'yan firamare ne, ka ce "I am exhausted". Kar ka ce "I don't know", wai ƙauyanci ne. Kar ka ce "I'm fine", wai ya tsufa. Kowace safiya da jimlar da aka haramta. Yaro ya sha wuya ya tara jimloli goma da zai iya fita da su, cikin mako guda an ƙwace bakwai an ce masa duk shirme ne. To me ya rage masa? Ya ja bakinsa ya yi shiru. Shirun nan kuwa shi ne ainihin ciwon da ke damunmu.

Ku lissafa da ni. Shekara 6 a firamare, shekara 6 a sakandare, shekara 12 ke nan yaro yana zama a ajin Turanci. Tambaye shi mene ne "noun", zai rera maka kamar karatun allo. Sassan magana takwas zai jero su ba gargada. Amma tsayar da shi gaban ma'aikaciyar banki wadda ba ta jin Hausa, ya gaya mata an cire masa kuɗi na'ura ba ta ba shi ba, sai gumi. Jimlar fa tana cikin kansa. Kafin ta iso baki ne yake tsayawa yana aunawa: "was" ne ko "were"? "Have" ne ko "has"? In na kuskure, na bayana a layi za su yi dariya? Kan ya gama shawara an kira na gaba.

A ina ya samo wannan tsoron? A makaranta. Da yawanmu mun taso a zamanin tarar "banakula", monita na rubuta sunan duk wanda ya yi Hausa, a ci shi tara ko a zane shi. Ka yi Hausa a doke ka. Ka yi Turanci ka kuskure, aji ya kwashe da dariya, wani lokacin har da malam. Yaro mai wayo sai ya gano hanya ta uku, wato kar ya ce komai. Haka muka yi ta yaye masu shiru shekara da shekaru. Yanzu kuma waya ta zo. Mai dariyar da a da ɗan ajinku ne kawai, yau ya zama taron mutanen da ba su san ka ba, masu ɗaukar hoton rubutunka su yaɗa shi daga wannan zaure zuwa wancan.

Abin haushin ma, gyaran nasu da yawa ba gyara ba ne. "I am very tired" Turanci ne lafiyayye, Baturen Ingila yana faɗa, Ba'amurke yana faɗa. "I don't know" babu abin da ya same shi, farfesa ma yana faɗa in bai sani ba. Wani zai ce maka "It's me" kuskure ne, sai dai "It is I". Je ka ƙwanƙwasa ƙofa a Landan ka ce "It is I" ka ga irin kallon da za a yi maka. Su kansu masu harshen ba su haɗu a kan komai ba: ɗan Ingila ya ce "at the weekend", Ba'amurke ya ce "on the weekend". Wannan ya ce "got", wancan ya ce "gotten". Hawan bene da ake kira "first floor" a Amurka, ƙasa ne, a Ingila kuwa sai ka hau matakala. Wane ne a cikinsu ya faɗi jarrabawa?

Kuma wai Turancin na wane ne yanzu? Masu magana da shi a duniya sun kai wajen biliyan 1.5, amma waɗanda suka tashi da shi a matsayin harshen gida ba su kai miliyan 400 ba. Ma'ana, in ka buɗe baki da Turanci, ya fi yiwuwa wanda ke gabanka ma koyo ya yi kamar kai: Ba'indiye, ɗan Sin, Balarabe, Bayarabe, ɗan Ghana. A watan Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomi da salon magana 29 na Turancin Najeriya. Akwai "okada", akwai "danfo", akwai "buka", akwai "barbing salon", har da "Kannywood". Akwai "next tomorrow", wato jibi, wanda an sha yi wa yara dariya a kansa. Bayan shekara biyar aka ƙara wasu, ciki har da "japa" da "suya". Masu ƙamus sun buɗe ƙofa, ɗan sandan Turancinmu na nan tsaye da kulki yana kare gidan da masu shi ba su ɗauke shi gadi ba.

Kwanaki aka yi ta yayata wai "How was your night?" rashin ɗa'a ne. Haba jama'a! "Ina kwana" ce fa ta sa rigar Turanci, kuma daga Sakkwato har Fatakwal kowa ya san gaisuwa ce. Abin da ya kamata a gaya wa mai koyo shi ne: a Najeriya yi abinka, in ka fita waje ka tsaya a "Good morning, how are you?" domin can ba su saba da waccan ba. Haka "I am coming" da muke faɗa muna fita, "ina zuwa" ce. A Kano daidai take, a waje ka ce "I'll be right back". Wannan shi ne koyarwa, a nuna maka inda kowace magana take ci. Amma a ce maka abin da iyayenka da malamanka suke faɗa shekara hamsin jahilci ne, wannan cin fuska ne kawai.

Yanzu kar wani ya ce na ce babu kuskure a Turanci. Akwai. Sai dai kuskure suna suka tara. Akwai wanda ba ya hana a fahimce ka, akwai wanda zai iya ja maka asara. Mai son ka da gaske da na biyun zai fara. Bari in kawo misali, ku gani ko kun taɓa cin karo da su a shafukan jan gicciye.

Na ɗaya, amsa tambayar da ke da korewa. Bahaushe in aka ce masa "Ba ka sha maganin ba?" sai ya ce "Eh", yana nufin eh, ban sha ba. A Turanci in likita ya ce "You didn't take the medicine?" ka ce "Yes", zai iya ɗauka ka sha. Amsar ita ce "No, I didn't." Ka ga nan kalma ɗaya na iya sa a canza wa mara lafiya magani a kan kuskure, ko jami'in filin jirgi ya rubuta akasin abin da kake nufi.

Na biyu, lambobi. "Thirteen" da "thirty", "fifteen" da "fifty", "sixteen" da "sixty". A waya, cikin hayaniyar kasuwa, ba kowa ke rarrabe su ba. Ɗan kasuwa ya ji 15 alhali 50 aka ce, wa zai biya cikon? Maganin abu ne mai sauƙi: ka ce "one five or five zero?" Shi ke nan. Wannan 'yar tambayar ta fi "exhausted" amfani sau dubu.

Na uku, roƙo. A Hausa ka ce "ba ni ruwa", muryarka da fuskarka sun isa su nuna ladabi. A Turanci "Give me water" umarni ne tsagwaronsa. Yaronmu mai tarbiyya, wanda ke durƙusawa ya gai da manya, sai ya je ofis ya ce "Give me the form", a ɗauke shi mara kunya bai san dalili ba. Abin da yake buƙata guda uku ne: "Could I have... please?", da "Could you help me with...?", da "I'd like to...". Ya riƙe waɗannan, ya sa duk abin da yake so a gurbin ɗigon.

Na huɗu, aro. Mu kalma ɗaya ce ke zuwa ta dawo: na ari littafi, na ara masa littafi. Turanci ya raba su, mai karɓa "borrow", mai bayarwa "lend". A hira in ka ce "borrow me your pen" kowa ya gane. Amma ranar da za a rubuta yarjejeniyar bashi, wanda ya ci da wanda ya bayar suna rataye ne a kan wannan bambancin.

Sai kuma jimlolin da na ɗauka su ya kamata a fara koya wa kowane yaro tun kafin ya san ma'anar "adverb". Su ne na ceton kai idan magana ta kuɓuce maka: "Sorry, could you say that again?" "Could you speak more slowly, please?" "What does that mean?" "How do you spell it?" "Do you mean...?" Guda biyar ne kacal. Wanda ya riƙe su ba ya ɓata a hira, domin duk inda ya maƙale yana da abin kamawa. Mu kuwa mun koya wa yara cewa tambaya abin kunya ce, sai ka ga mutum yana gyaɗa kai yana "yes, yes" bai fahimci komai ba, har ya sa hannu a takardar da bai san abin da ke cikinta ba. Mu da muke cewa matambayi ba ya ɓata.

Nahawun da hirar yau da kullum ke buƙata ma ba shi da yawan da ake tsoratar da mutane da shi. Ka iya faɗin abin da ya wuce, da wanda ake ciki, da wanda zai zo. Ka iya tambaya, ka iya korewa, ka iya roƙo. Kuma da za a yi bayaninsa da Hausa, da rabin wahalar ta tafi. Duba: mu muna cewa na tafi, ina tafiya, zan tafi. Lokacin yana kan 'yar kalmar da ke gaban aikatau, na, ina, zan. Turanci kuwa sau da yawa aikatau ɗin kansa yake taɓawa: "go" ya koma "went", "buy" ya koma "bought", "eat" ya koma "ate". Shi ya sa Bahaushe ke cewa "yesterday I go", domin a tsarin harshensa ya riga ya gama aiki. Ba daƙiƙanci ba ne, ƙa'idar wani harshe ce ta bi shi. Minti biyu ya isa a fahimtar da yaro wannan. Amma an hana malam yin Hausa a aji, sai a shekara ana bulala a kan abin da bayani ɗaya zai warware.

Haka zancen "p" da "f" da aka mayar abin tsokanar Bahaushe, har mu kanmu muna taya wa. Hausa ba ta raba waɗannan sautukan biyu ba, shi ke nan labarin. Larabci ba shi da "p", shi ya sa Balarabe ke mayar da ita "b". Bafaranshe yana fama da "th". Kowa da inda harshen uwarsa ya bar masa tabo. In kana son ka taimaki mutum, gaya masa: "f" haƙoran sama ne a kan leɓen ƙasa, iska na fita a hankali, "p" kuwa leɓɓa biyu ne a rufe sannan su fashe. Ya yi ta maimaita "pull" da "full", "pan" da "fan", "copy" da "coffee". Mako biyu zai ji bambanci. Wannan gyara ne. Kwaikwayon muryarsa a bidiyo ana ƙyalƙyala dariya kuwa sunansa wulaƙanci.

Wani zai ce, to ai ƙara wa mutane kalmomi suke yi, laifi ne? Ƙarin kalmomi ba laifi ba ne, amma kowane abu da lokacinsa. Muryar Amurka ta fara watsa labarai da sauƙaƙƙen Turanci tun 1959, da kalmomi wajen 1,500, ana karantawa a hankali, kuma da su aka riƙa ba da labarin yaƙi da siyasa da kimiyya. Masu binciken koyon harshe, irin su Paul Nation na New Zealand, sun nuna cewa kalmomi 2,000 zuwa 3,000 da aka fi yawan amfani da su sun ɗauke sama da kashi 90 cikin 100 na hirar yau da kullum. Wato abin da mai koyo ke buƙata shi ne ƙananan kalmomin nan su zauna a bakinsa har su riƙa fita ba tunani. Mu kuwa mun ɗauka iya Turanci shi ne jibga kalmar da sai an buɗe ƙamus. Da rarrafe yaro kan tashi, ku kuma kun tsaya a kansa kuna cewa rarrafe ƙauyanci ne.

Ku je Kantin Kwari ku ga 'yan kasuwar da ke zuwa Guangzhou da Dubai. Wani ko sakandare bai gama ba. Turancinsa bai wuce "how much", "last price", "too expensive", "same quality", "send it tomorrow" ba. Da shi yake ciniki, ya loda kwantena, ya dawo. Shi da ɗan Sin ɗin duk ba mai dariyar wani, domin kowa kuɗinsa yake nema. Ga kuma mai digiri a gefe, ya fi shi sanin nahawu nesa ba kusa ba, amma an kira shi intabiyu ya kasa gabatar da kansa. Bambancinsu ɗaya ne: shi ɗan kasuwar ba wanda ya taɓa koya masa jin kunyar bakinsa.

Inda abin ya fi ƙona mini rai shi ne yadda aka mayar da gyaran Turanci makamin rufe bakin talaka. Matashi zai yi rubutu a kan an sace mutanen ƙauyensu, ko asibitin garinsu ba likita, ko an shekara ba a biya mahaifinsa fansho ba. Ya yi da Turanci ne don yana so maganar ta wuce unguwarsu, ta kai ga waɗanda ke Abuja da Legas. Sai ka leƙa kwament: "Je ka koyi Turanci tukuna." "Ba 'their' ba ne, 'there' ne." An bar jaki ana dukan taiki. Mutum yana kuka da jini, kai kana duba masa harafi. Kuma gobe ba zai sake rubutawa ba, wanda ya kamata a tuhuma kuwa ya sha da daɗi. Duk wanda ya amsa hujja da gyaran nahawu, ku lura da kyau, yawanci ba shi da amsar hujjar ne.

Sannan ku dubi Hausar masu gyaran nan. "Inaso", "yace", "bazanje ba", duk a cure wuri ɗaya. Ba ƙugiya ko ɗaya: baki da baƙi duk ɗaya, kafa da ƙafa duk ɗaya, bari da ɓari duk ɗaya. Harshen da suka sha a nono ke nan, ba su iya rubuta shi daidai ba, kuma ko a jikinsu. In Bature ya zo ya ce "ina kwana" da la'asar sakaliya, sai mu tafa, mu ɗauki bidiyo, mu ce kai, ya iya Hausa! Namu ya manta "s" ɗaya a ƙarshen aikatau, mun yi masa ca. Laifi tudu ne dai. Amma ni abin ya wuce laifi a wurina, raina kai ne. Har yanzu akwai wanda a ransa yake ganin kuskure a harshen Bature zunubi ne, kuskure a nasa kuwa ba komai.

To ku kuma 'yan "Turanci ba ilimi ba ne", kar ku yi saurin yi mini tafi, akwai naku. Gaskiya ne harshe ba shi ne hankali ba. Akwai malaman zaure da suka fi masu digiri uku zurfin tunani, ba su san "come" ba. Amma wannan magana ta zama bargon da malalaci ke lulluɓa da shi. Kuna kawo misalin Sin da Japan, kun manta su littattafan likitanci da injiniyancinsu da harshensu aka rubuta, jarrabawarsu da harshensu ake yi. Kai fa? Ba kiredit a Turanci a WAEC ko NECO, ba jami'a. JAMB kowane fanni za ka karanta sai ka rubuta Turanci. Fom ɗin neman aiki, takardar asibiti, saƙon banki, duk da shi ne. Sashe na 55 na tsarin mulki ya ce da Turanci za a gudanar da Majalisar Tarayya, Hausa da Ibo da Yarbanci sai an yi musu tanadi. Ko a Nijar, da suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, sun ajiye Turanci da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Wanda ya ce wa ɗan talaka ya rabu da Turanci, alhali nasa 'ya'yan suna makarantar kuɗi, ba masoyinsa ba ne.

Kuma ba sai an zaɓi ɗaya an yar da ɗaya ba. Abubakar Tafawa Ɓalewa da Hausa ya rubuta Shaihu Umar, kuma shi ne ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Oktoban 1960 ya yi jawabi da Turancin da har yau ake sauraro ana jinjinawa. A Kwalejin Katsina ya yi karatu, ɗan Arewa ne kamar kowa, kuma ba a haife shi da Turanci a baki ba. Koya ya yi wurin malaman da suka san aikinsu.

Nan ne ma ya kamata fushinmu ya dosa. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare wajen 33,000 jarrabawar matakin aji huɗu, aka ce 21,780 ba su ci ba. Ko ka yarda da yadda aka yi jarrabawar ko ba ka yarda ba, ka san akwai matsala a ajin da ɗan talaka ke zama. A watan Nuwamban 2022, lokacin Adamu Adamu yana ministan ilimi, aka ce a koyar da 'yan firamare da harshen uwa. A Nuwamban 2025 minista Tunji Alausa ya ce an soke, a koma Turanci. Takarda ta juya hagu, ta juya dama, aji yana nan yadda yake: malam ya rubuta a allo, yara su kwafa, a tashi. Babu ranar da yaro zai buɗe baki ya yi jimlar kansa. Yanzu da aka ɗora komai a kan Turanci, wa ya tanadi malamin da zai yi magana da yaran? Wannan ita ce tambayar da ya kamata masu dubban mabiya su riƙa yi. Amma ina, dariyar wanda tsarin ya cuta ta fi kawo layik.

Na san abin da za a ce: gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Na yarda. Wanda zai rubuta jarrabawa, ko takardar neman aiki, ko rahoton ofis, dole a tsananta masa, domin can ba a yafiya. Wanda ya kira kansa malamin Turanci ko ɗan jarida, a riƙe shi da ma'auni mai tsauri, shi ya ɗauko. Amma gyara yana da ladabi. Ka bar mutum ya gama maganarsa. Ka amsa abin da ya faɗa tukuna. In ya ce "I go there yesterday", ka ce "Oh, you went there yesterday? What happened?" Ya ji daidai ɗin, hira ba ta tsaya ba, ba wanda ya muzanta. In rubutu ne, bi shi ta saƙon sirri. Ka ɗauki kuskure ɗaya, wanda ya fi illa, ka bar sauran sai wani jiƙon. In kuwa sai a bainar jama'a kake iya gyara, da 'yar fuskar dariya a ƙarshe, to kai ma ka san ba don shi kake yi ba.

Ku masu shafukan, ga shawara kyauta. Ku ajiye jan gicciyen nan. Ku yi mana bidiyon yadda ake bayani gaban likita: "It started three days ago", "It hurts here", "How many times a day?" Yadda ake kai ƙorafi banki: "I was debited but I didn't get the cash." Yadda ake amsa waya, yadda ake tambayar hanya, yadda ɗan bautar ƙasa zai gabatar da kansa a sansani, yadda ake cewa a'a cikin ladabi. Ku yi bayanin da Hausa, ku maimaita a hankali, ku bar gurbi mai kallo ya faɗa da bakinsa. Mabiyan ba za su gudu ba, ƙaruwa ma za su yi.

Kai kuma ƙanena, ke kuma ƙanwata, da kuke rubuta jimla ku goge sau biyar kafin ku tura, daga ƙarshe ku fasa: ku tura. Ku sami aboki ɗaya ku yi yarjejeniyar minti goma kullum ba Hausa, ba dariya. Ku saurari rediyo, ku maimaita abin da kuka ji da ƙarfi ko da ku kaɗai ne a ɗaki. Ku riƙe jimlolin ceton nan biyar. Za ku yi kuskure, da yawa ma. Shi mai dariyar ta nan ya bi, ya dai manta ne. Kana da Hausa, wataƙila da Fulatanci ko Barbarci, ga ɗan Larabcin Islamiyya, yanzu kana ƙara wani. Ba kai ne abin tausayi ba a wannan lissafin.

Wanda ya ga ba haka ba, filin kwament a buɗe yake. Ka zo da Hausa ko da Turanci, duk wanda ya fi maka sauƙi. Hujjarka zan duba, ba zan taɓa maka nahawu ba sai in kai ka nema.